Falalu Kafinta da Takabar Gwaggo Laure

Ranar Asabar ce, cikin bazarar 1996, kuma babu abin da ya raba ta da sauran ranaku a gidan Malam Isyaku, mai duba makarantun firamare, a Daura ta ƙasar Karaye.

Da asuba Falalu ya bi mahaifinsa masallaci. Da aka idar ya tsaya wajen tsohon da ke kasa goro a bakin ƙofa, ya juya wannan ya juya wancan, ya zaɓi fari guda ya jefa a aljihu. Malam Isyaku bai tambayi ɗan nasa na wane ne ba. Duk unguwa an san mai goron.

Gari na yin haske Falalu ya ɗauko kujerar daga ƙarƙashin rumfa. Gajeriya ce, mai majingina da wurin ɗora hannu, shi ya haɗa ta da kansa. Ya kafa ta a jikin katangar yamma, inda rana take fara sauka in ta haura darbejiyar maƙwabta. Matarsa Turai ta sirka ruwan ɗumi a ƙwarya, ta ajiye wankakken zane da tandun kwalli a kan turmi. Shi kuwa ya karkata hula, ya nufi ɗakin kakarsa, ya yi gyaran murya irin ta mai zuwa zance.

"Salamu alaikum, masu ɗaki. Amarya ba ta tashi ba ne?"

Daga cikin duhu muryar Gwaggo Laure ta fito, siririya amma da kaifinta. "Wane marar ta ido ne wannan? Ba a gaya maka takaba nake ba?"

"Takabar wa, Gwaggo? Ga ni da raina, a kan ƙafafuna, har da goro."

"Kai ne mijin? Allah ya sawwaƙe mini. Miji ba ko akuya."

"Akuya tana hanya. Fito ki karɓi goron tukuna. In kin daɗe Turai zan ba."

"Ka ba ta mana, wa ya riƙe ka?" Falalu ya juya kamar zai tafi. Sai kuma, "Kai, tsaya. Fari ne ko ja?"

"Sai kin fito ido ya gani."

Aka ji motsin tabarma da laluben takalmi. Labule ya ɗaga, ta fito tana kare ido da tafin hannu, tana faɗa tun kafin ta ga wanda take yi wa. Falalu ya durƙusa ya gaishe ta sosai, sannan ya sassauta murya ya faɗi abin da yake faɗa kowace safiya.

"Kwanakin sun cika, Gwaggo. Yau ake fita."

"Yau?"

"Yau ɗin nan. Ga Turai da ruwan wanka."

Ta dubi ƙwaryar, ta dubi zanen, fuskarta ta saki. "Oh, duniya. Kamar jiya. Allah ya jiƙan Malam."

Malam Dabo, mijin Gwaggo kuma mahaifin Malam Isyaku, ya kusa shekara bakwai a kabari. Ita dai ruɗun tsufa ya tsayar mata da lokaci a kan makon rasuwarsa, kullum ta farka a nan take samun kanta.

Da hantsi tana kan kujera, an ɗaura mata zane, an zizara mata kwalli, rana ta lulluɓe ta tun daga goshi har tafin ƙafa. Ta sha koko, ta gutsuri ƙosai, ta goga goronta a magogi tana tarawa a tafin hannu. Aka ajiye mata faifan gyaɗa tana ɓarewa, kaji suna zagaye da ita suna jiran rabonsu. Falalu ya jawo wani katako kusa ya kama gogewa, ba don aikin na gaggawa ba ne, sai don ta sami wanda za ta yi wa tsiya.

"Wannan karkataccen abin mene ne?"

"Gadon amarcinki."

"A kan wannan? Ka fara kwanta ka gani, in ka tashi da ƙugu ka kira ni."

Malam Isyaku yana zaune a bakin zaure da rediyonsa, ya rage murya don ya ji su. Shi ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, kuma duk abin da tsufa ya kwashe mata bai kwashe wannan kunyar ba. Ta hango shi, ta juyar da kai, ta ce wa Turai, "A kai wa wancan gyaɗar, na ga ya rame." Aka kai masa. Ya cinye tas.

Da rana ta fara cizo Falalu ya mayar da kujerar ƙarƙashin rumfa, inda akwai inuwa amma ido na ganin sarari. Ya hau keke ya tafi rumfar aikinsa a bakin kasuwa. Bayan azahar ya dawo ya ci ɗan wake, ya tarar tana gyangyaɗi. Ya bar ta kaɗan, sannan ya shiga buga wata ƙusa a inda ba a bukatar ƙusa, har ta buɗe ido ta tambaya ko a gidan maƙera aka aurar da ita.

La'asar ita ce lokacin da gidan ya fi tsoro a da. Yamma na yi ta fara waige-waige, ta ce a ɗauko mata ƙunshinta, za ta tafi ƙauyensu Kurugu, babanta yana jira.

"Kekena faci ya yi," in ji Falalu. "Gobe da sassafe na kai ki. Amma ki dubi abin da yarinyar nan take yi wa kuka, wai ita miya."

Gwaggo ta leƙa tukunyar Turai, ta riƙe baki. Ta karɓi maburgi, aka manta da Kurugu.

Da magariba Turai ta shimfiɗa tabarma kusa da tata, suka yi salla tare, don Gwaggo ta riƙe fatiha amma lissafin raka'a ya kuɓuce mata. Aka ci tuwo. Kafin a dawo daga isha'i ta yi barci, numfashinta na fita a hankali ta bayan labule. A zaure Falalu ya shafa ƙeya ya ce wa mahaifinsa kansa ya yi ɗan nauyi.

"Rana ce," in ji Malam Isyaku. "Ka sha ruwa ka kwanta."

"To, Baba. Sai da safe."

*

Falalu shi ne na uku a 'ya'yan Malam Isyaku, kuma shi kaɗai ne bai bi hanyar boko ba. Ya yi sakandare har aji uku a Rogo, inda aka tura mahaifinsa aiki a lokacin, sai aka lura ya fi zama a rumfar wani kafinta fiye da aji. Malam Isyaku, da ya yi jami'a, ya so ya ga ɗansa a can shi ma. Ya yi magana sau ɗaya, ya yi ta biyu. Ranar da yaron ya gyara masa ƙafar teburin karatu ya zauna a kai ya jijjiga, teburin bai motsa ba, sai ya ce, "To, ka riƙe shi da kyau." Suka bar zancen a nan.

Ya riƙe shi da kyau kuwa, ko da yake bai zama shahararre ba. Ƙyaure, taga, benci, akwatin amare, rufin kwano in an samu. Yana da saurin dariya da jinkirin cika alkawari, kuma duk wanda ya zo yi masa faɗa a kan aiki yakan koma gida yana murmushi ba tare da kayansa ba. Tun yana yawo ba wando yake wasan jika da kaka da Gwaggo. Ita ta fara kiransa mijinta, shi kuma yakan sace mata ƙuli-ƙuli ya ce sadakinsa yake karɓa.

Da Malam Dabo ya rasu a 1989, Gwaggo ta shiga takaba yadda ta ga iyayenta sun yi. Ta koma ƙuryar ɗaki, ta saki labule, ta bar kwalli da lalle, ba ta fitowa sai da dalili. An riga an fara ganin mantuwa a tare da ita, takan sa gishiri sau biyu, takan kira jika da sunan uwarsa, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Wata huɗu da kwana goma suka cika, aka yi waina, dangi suka zo daga Kurugu, aka yi mata wanka da sabon zane, ta fito aka yi barka. Washegari aka tarar ta koma ƙurya ta saki labule. Aka ce ai an gama. Ta ce wa zai koya mata lissafin takabar mijinta.

Mutanen gidan suka yi abin da suka san shi ne ladabi. Tsohuwa ta ce a bar ta, aka bar ta. Aka ɗauke mata kowane aiki, aka toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma kada iska ta dame ta, ana kai mata abinci har gado. A haka dare da rana suka cakuɗe mata. Takan wuni tana barci, magariba na yi ta tashi da kuka, ta kwana tana laluben ƙofa da ƙunshi a ka. Fara'arta ta tafi, tsiyar ma ta daina. Sau biyu ana tsinto ta a bayan gari da sanyin safiya, ta kama hanyar Kurugu ba takalmi.

Malam Isyaku ya ɗauko wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Maijidda, a bayan babur ta zo ta duba ta. Ta ce ruɗun tsufa ba shi da magani a wajensu. Amma ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ɗaga kai ta ce, ko mai cikakken hankali aka ajiye a wannan duhun zai rasa gane safe da yamma. A fito da ita ta sha hantsi kullum, a hana ta dogon barcin rana, a gani. Kowa ya yarda da maganar. Fitowar ce ta gagara. Surukai ba sa iya musu da ita, 'ya'yanta mata in sun matsa sai ta yi fushi ta ƙi abinci, shi kuma Malam Isyaku ko inuwarsa ta gani a bakin ƙofa sai ta juya wa bango fuska.

Da aka tsinto ta karo na biyu, ƙannen Malam Isyaku suka taru suka ce a sa wa ɗakin ƙyaure mai ƙarfi da sakata ta waje, a riƙa rufewa in dare ya yi. Ba mugunta ba ce, tsoron rijiya ne. Malam Isyaku bai so ba, amma ba shi da abin da zai ba su a madadi. Ya sayo katako da sakatar ƙarfe ya danƙa wa Falalu.

Falalu ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce jibi. Da aka matsa masa ya ce katakon bai gama bushewa ba. Ran nan da safe sai ga shi ya shigo da kujera a ka, kuma duk wanda ya dubi katakon ya gane shi.

"Ina ƙyauren?" in ji mahaifinsa.

"Ga shi nan, Baba. Ƙafafu kawai na yi masa."

Ya ajiye ta a rana, ya je bakin ɗakin ya yi sallama da muryar saurayi. Ba shiri ya yi ba, tsohon wasansu ne ya zo masa a baki. Da ta ce takaba take, ya tambaye ta takabar wa, alhali ga mijinta a tsaye. Ta fito don ta ga marar kunyar da ido, ta zage shi tas, numfashi ya ƙare mata, ta nemi wurin zama. Kujera na nan. Ta zauna har hantsi ya ɗaga.

Ba a rana ɗaya aka ga canji ba. Sannu a hankali barcinta ya riƙa matsowa zuwa dare, kukan magariba ya ragu ya koma 'yar rigimar da maburgi ke kashewa. Ta dawo da tsiya, ta dawo da dariya. Mantuwar ba ta tafi ko'ina ba, gaba ma ta ci, kuma akwai ranakun da komai ba ya yi, musamman in damina ta rufe sama ko Falalu ya kwana a Jajaye wajen rufin kwano. Amma maganar sakata ta mutu. Da ya auri Turai, ita ta ƙaro ruwan ɗumi da zane da kwalli, ta ce in dai fitar takaba ce a yi ta yadda ake yi. Maƙwabta suka saba. Mata kan leƙo ta katanga su ce, "Gwaggo, barka da fita," ita kuma ta amsa da cewa Allah ya bar zumunci, a zo a ci waina.

*

Nauyin kan nan ba rana ba ce. Shekarar sanƙarau ce. Lahadi da safe wuyan Falalu ya ƙi juyawa, aka kai shi asibiti, ranar Talata kafin la'asar aka dawo da shi aka yi masa sutura. Yana da shekara ashirin da takwas.

Malam Isyaku ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, yana amsawa yadda ya kamata. Amma kunnensa yana cikin gida. Ba a gaya wa Gwaggo ba, ba a kuma fito da ita ba, don ba mai fitarwar. A kwana na uku ya ji kukan magariba ya dawo. Kafin a yi sadakar bakwai ta sake ɗaura ƙunshi, an tare ta a zaure. Wani ƙaninsa ya ce masa a hankali, "Yaya, sakatar nan fa tana nan cikin kayan yaron."

Washegari Malam Isyaku ya sayi farin goro, ya kafa kujera a inda ake kafa ta, ya tsaya a bakin ɗakin mahaifiyarsa.

"Gwaggo, ina kwana. Ki fito ki sha hantsi."

Ya ji juyawarta a kan tabarma. "A gaya wa wancan takaba nake."

Ya tsaya da goro a hannu. Maganar da take buɗe ɗakin nan ya san ta kalma bayan kalma, amma ba ta ɗa ba ce, ba za ta fito daga bakinsa ba.

Turai ce ta fito daga nata ɗakin, da farin mayafi, ba kwalli ba awarwaro. Ta durƙusa daga nesa ta tambayi surukinta ko mai takaba za ta iya zama a tsakar gida. Ya ce ya tambayi Malam Aƙilu na makarantar allo tun shekarun baya, malamin ya ce ba inda aka hana, gidan ne ba a bari, ba ɗaki ba. Ta karɓi goron da hannu biyu, ta je bakin labule.

"Gwaggo, taki ta cika. Tawa ce aka fara, ni kuma ban san yadda ake yi ba. Ki fito ki nuna mini."

Aka ji laluben takalmi. Sannan labule ya ɗaga. Gwaggo ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta kamo hannunta.

"Yarinya ƙarama haka? Wayyo. Mutumin kirki ne?"

"Na kirki ne, Gwaggo. Sai tsokana."

"Duk haka suke. Zo nan, kada ki zauna ke kaɗai, zaman kaɗaici shi ke kashe mai takaba. Kin ci abinci? Kai, wa ya ɗaura miki mayafi haka kamar mai zuwa roron gyaɗa?"

Ta zauna a kujera, Turai ta zauna a tabarma a gefen ƙafarta, rana ta sauko a kansu su biyu. Gwaggo ta shiga bayani, abin da ake yi da wanda ba a yi, rabi daidai rabi nata. Daren nan ta yi barci. Haka suka yi kowace safiya har Turai ta cika kwanakinta. Wani lokaci Gwaggo takan waiga ta ce ina marar kunyar nan mai goro, Turai ta ce ya yi gaba, Gwaggo ta ce ai dama ba ya zama wuri ɗaya.

Kayan Falalu ba su da yawa. Bayan an fitar da hakkin kowa, magada suka yarda a bar wa Maikuɗi abokin aikinsa zarto da guduma da sauran kayan rumfa, shi kuma ya ƙarasa ayyukan da aka bari rabi, waɗanda suka fi yadda aka zata. Keken ya koma hannun ƙanensa. Riguna aka raba wa mabukata, Turai ta ɗauki akwatin da ya yi mata da hular da yake karkatawa. Kujera ba wanda ya lissafa ta, tana da mai ita.

Saura kwana kaɗan Turai ta koma gidan iyayenta, Malam Isyaku yana ta juya abin da zai faru bayan tafiyarta, sai ga wani manomi daga Jajaye ya yi sallama, yana jaye da jar akuya da ɗanta. Ya ce Falalu ya yi masa rufi bara, amma Falalun ya ce kada a biya shi, a ware masa 'yar akuya a riƙa kiwo, ta kakarsa ce, zai zo ya ɗauka in ta haihu. Ga shi ta haihu.

Aka shigo da ita tsakar gida. Turai ta ce, "Gwaggo, ga akuyar ta iso."

Gwaggo ta dubi akuyar, ta shafa bayanta, ta duba haƙoranta. "Ramammiya ce," in ji ta. "Amma ya yi ƙoƙari. A kawo dusa."

Maikuɗi ya yi mata ɗan garke a jikin katangar yamma, dab da kujera. Da aka zo neman abin rufe ƙofar garken, Malam Isyaku ya shiga ɗaki ya fito da sakatar nan, tana naɗe a takardar da aka sayo ta, aka buga ta a nan.

Tun daga ranar, in gari ya yi haske, Malam Isyaku ne yake kafa kujera ya ajiye goro a kan hannunta. Sannan ya tsaya a tsakar gida, ya juya wa ɗakin baya, ya yi magana da ƙarfi kamar da katanga yake.

"A gaya wa mai akuya dabbarta tana kuka, ta ƙi cin dusa a hannun kowa."

Daga ciki sai a ji laluben takalmi.

"A gaya wa wancan ya bar mini ita. Me ya sani a kiwo?"